Telar da Ta Ƙi Rage Siket ɗin Debby

Ƙarfe bakwai saura kwata Mama Celina take buɗe shagonta, a layi na biyu bayan kasuwar Sabon Tasha. Ta share ƙofa, ta ɗiga wa keken ɗinki mai, ta rataya tef a wuya, ta yi addu'a ido a buɗe don kada ruwan shayi ya tafasa ya zube. Daga nan sai ƙafa ta hau feda har la'asar. Shekara talatin da huɗu ke nan. Kayan makaranta, rigunan mawaƙan coci, kayan zumuntar mata, ankon biki: rabin mutanen Unguwar Boro sun taɓa tsayawa gabanta hannu a buɗe, suna jira ta gama awo.

A ƙarshen watan nan za ta rufe shagon. Ido ya gaji, zare ya daina shiga allura. Ba wanda zai kira taro, don ba a saba yi wa tela taro ba. Shi ya sa na rubuta wannan.

Ba don ɗinkinta ba ne. Ɗinkinta tsaka-tsaki ne, kuma ta sani. Aljihun da ta ɗinka yakan karkace, kuma in ta ce ka zo Talata, ka zo Juma'a. Abin da ya raba ta da sauran teloli shi ne tambaya. Tef a hannun wasu lamba kawai yake bayarwa. A hannunta, kowace lamba sai ta haifi "me ya sa". Me ya sa wuyan rigar wannan matar ya matse alhali jikinta bai ƙaru ba? Ta tura ta asibiti, aka ga maƙoƙo ne tun bai fito fili ba. Marigayi mijinta yakan ce da an bar ta ta yi karatu, da ta zama likita ko 'yar sanda, kuma ya gode wa Allah da ba ta zama ta biyun ba.

Labarin da ya sa ake ambatonta yanzu ya faru ne shekara uku da suka wuce, a kan wata yarinya mai suna Debby.

Debby tana da shekara goma sha bakwai a lokacin, tana ajin ƙarshe na sakandare, tana cikin mawaƙan cocinsu. Yarinya ce mai jiki, mai dariya, kuma ƙawayenta na waƙa sun laƙaba mata suna "Buhu". Takan yi dariya in sun faɗa. Mahaifiyarta Lizzy ita ce shugabar zumuntar matan cocin, mace mai tsare gida da tsare ibada. Tun Debby tana firamare Mama Celina ke ɗinka mata kaya.

A watan Janairu cocin ya yi azumin shiga sabuwar shekara, kwana ashirin da ɗaya, daga safe zuwa ƙarfe shida na yamma. Kowa ya yi, kowa ya gama. Debby ba ta gama ba.

A Fabrairu ta kawo siket ɗin makaranta a rage mata. Wannan bai dami Mama Celina ba, don bayan azumi har dattawan coci sukan kawo wando. A Maris ta dawo da siket ɗin nan dai. A Afrilu ta sake dawowa.

A nan ne ilimin sana'a ya yi magana. Kowane tela ya san yarinya mai tasowa buɗe mata ɗinki ake yi, ba ragewa ba. Don haka ne ma ake barin inci biyu na yadi a naɗe a ciki. A shekarunta na aiki, Mama Celina ta ga 'yan mata sun zo ragi sau uku, amma duk masu jinya ne, kuma mai jinya kan zo da kai a sunkuye, tana jin kunyar ramarta. Debby kuwa da murna take zuwa. Wannan murnar ce ta tsaya wa Mama Celina a rai.

"Nawa ne, Mama?" Debby ta tambaya, tef na zagaye da ƙugunta.

"Ashirin da biyar."

"Har yanzu?"

"Har yanzu me? A Janairu talatin da ɗaya kike."

Debby ta juya ga madubi, ta kama fatar cikinta da yatsu biyu. "Dubi nan fa. Duk kitse ne."

Mama Celina ta duba. Fata ce kawai, a kan ƙashi. Sai ta gane yarinyar ba wasa take yi ba, kuma ba neman yabo take yi ba. Abin da take gani a madubin daban ne da abin da ke tsaye a gabansa.

Daga ranar ta fara lura da gangan. A zafin Afrilu, lokacin da fanka ma iska mai zafi take hurawa, Debby na sanye da suwaita. Hannunta in ya taɓa naka, kamar an ciro shi daga firji. A damtsenta da bayanta wani gashi mai laushi ya tsiro, irin na jariri sabon haihuwa. Mama Celina ta miƙa mata ƙosai.

"Na ci a gida, Mama."

"Ɗauki ɗaya dai, kada mai ƙosai ta ji haushi."

Debby ta ɗauka. Ta gutsuttsura shi kashi takwas a kan takarda, ta yi ta juya su da yatsa tana ba da labarin jarrabawa. Da ta tafi, Mama Celina ta same su duka takwas a kwandon ƙyallaye, a naɗe da kyau.

Matambayi ba ya ɓata. Ta leƙa shagon da ke jikin nata, wurin Ozioma mai gyaran gashi, haifaffiyar Kakuri wadda Hausa ta zauna a bakinta.

"Ozioma, ke ce kike yi wa Debby kitso?"

"Ni ce. Mama, gashin yarinyar nan bin mataji yake yi. Na ce mata ta canja mai."

"Ba mai ba ne."

"To mene ne? Ni dai na san ta daina hawa mota. Daga Unguwar Boro har makarantarsu a Nasarawa a ƙafa take zuwa, a ƙafa take dawowa. Kuma akwai wani shayin rage ƙiba a jakarta, na gani da ta buɗe za ta ɗauko ribon."

"Yarinyar da ba ta ci, me shayi zai rage?"

Ozioma ta ɗaga kafaɗa. "Ki tambayi uwarta. Ni ba na shiga maganar shugabar zumunta. Ina son zaman lafiya a layin nan."

Ba wai ba a ga ramar ba ne. Kowa ya gani, kuma kowa ya ba ta suna. Lizzy ta ce taifot ne, aka yi magani sau biyu. Kakar yarinyar ta aiko daga ƙauye cewa jifa ne. Masu tsegumi a bakin famfo suka rage murya suka ambaci ƙanjamau. A coci kuwa fassara ta fi kowacce daɗi: yarinya ta kama ibada. Har an tsayar da ita gaban taron matasa aka ce su yi koyi da ita, wadda ta mayar da azumi abincinta. Aka tafa mata. Ba mugunta ba ce. Mutane ne da suka san darajar azumi, suka ga abin da ya yi kama da shi, suka yaba.

Amsar ta zo ne ta hannun Ɗanjuma, wani nas da Mama Celina ke ɗinka wa fararen kayan aiki. Ya zo karɓar ɗinkinsa, ta ce ba a gama ba, ya zauna.

"Malam Ɗanjuma, akwai ciwon da ke sa mutum ya ji tsoron abinci? Ba rashin sha'awa ba. Tsoro."

Ya ce ta faɗa masa abin da ta gani. Ta lissafa masa, ba ta ambaci suna ba.

"Akwai," in ji shi. "Mun karanta shi a makaranta, shafi biyu. Malaminmu ya ce ciwon Turawa ne, ba zai fito a jarrabawa ba."

"To ya fito a shagona."

Ɗanjuma ya bayyana mata abin da ya sani. Ciwo ne da ke farawa a tunani ya ƙare a jiki. Ba taurin kai ba ne, ba iyayi ba ne, kuma faɗa ba ya warkar da shi. Ya ce ta bincika ko al'adar yarinyar ta ɗauke, ko jiri na ɗibarta in ta miƙe, ko takan shige bayi da zarar an gama cin abinci. Ya ce wasu sukan ci, sannan su sa yatsa su amayar, kuma ana gane su da kumburin kumatu da tabo a bayan yatsu da haƙoran da suka fara zaizayewa.

"Yana kisa?"

"Yana kisa, Mama. Zuciya ce ke gajiya ta tsaya."

A ƙasar wajen da na yi karatu, wannan ciwon yana da suna, yana da sashe a asibiti, yana da takardar tambayoyi da likita ke cikawa. Duk da haka a can ma yakan wuce ta gaban iyaye ba su gane shi ba. A nan, tela ce ta gane shi da tef.

A watan Mayu Debby ta zo ragi na huɗu, ita kaɗai. Mama Celina ta ja labule, ta auna. Ashirin da uku. Wannan karon ba ta faɗi lambar ba.

"Zauna, 'yata. Yaushe rabonki da ganin al'ada?"

Debby ta dubi ƙasa. "Fabrairu."

"Kina jin yunwa?"

"Kullum."

"To me ke hana ki ci?"

"In na ci, wani abu a kaina ba ya barina in huta. Ya yi ta cewa na lalata komai. Sai na fitar da shi, ko na yi tafiya, kafin ya yi shiru."

"Azumin nan, wa kike yi wa?"

"Da farko Allah."

"Yanzu fa?"

Debby ta mayar da ido ga madubi.

"Ba zan rage siket ɗin nan ba," in ji Mama Celina. "Kuma zan yi magana da mamanki. Ina faɗa miki tun yanzu don kada ki ce na zagaya ta bayanki."

Debby ta miƙe, ido ya kawo ruwa. "Na ɗauka ke tela ce."

"Tela ce. Shi ya sa na sani."

Washegari da rana Lizzy ta zo da kanta, da siket ɗin a leda. Ozioma ta ce tana jin komai ta bango, kuma ta kashe na'urar busar da gashi don ta ji da kyau.

"Maman Debby, sannu da zuwa. Ga kujera."

"Ba zama ya kawo ni ba. An ce kin ƙi yi wa 'yata aiki."

Mama Celina ba ta yi jayayya ba. Ta karɓi siket ɗin ta shimfiɗa a tebur, ta naɗe shi daidai inda Debby ke so a rage. Sannan ta sauko da wani ƙaramin siket daga igiya, na wata 'yar aji uku na firamare, ta ɗora a kai. Ƙugu ya hau ƙugu, babu ragi babu ƙari.

"Wannan na 'yar shekara takwas ne," ta ce. "Ke kina ganinta kullum, shi ya sa ba ki gani."

Lizzy ta dubi tebur ɗin, ta kau da kai. "Kina so ki ce azumi ciwo ne?"

"Azumi yana da ranar ƙarewa. Fasto ya ce kwana ashirin da ɗaya. Mun shiga wata na biyar. Shi kansa faston na gan shi shekaranjiya yana cin doya da ƙwai."

"Sai me kike so in yi?"

"Ki kai ta wurin likita, ki ce masa tsoron abinci take ji. Ki faɗa masa al'adarta ta ɗauke, kuma tana ganin kanta da ƙiba. Ɗanjuma ya ce akwai likitocin ƙwaƙwalwa da suka san abin."

Kalmar ƙwaƙwalwa ce ta ɓata komai. "Wato 'yata mahaukaciya ce. A bakinki za a fara jin haka, Celina? Wa zai aure ta in maganar nan ta fita?"

"Sai tana raye za a aure ta."

Lizzy ta kwashe siket ɗin ta fita. A satin nan aka janye ɗinkin zumuntar mata gaba ɗaya aka kai wani shago, kuma matan da suka shekara ashirin suna gaida Mama Celina suka koma wucewa ta ɗaya gefen layi. A gida, Lizzy ta yi abin da uwa ke ganin shi ne daidai: ta sayo ƙwayar ƙara ƙibar nan da ake kira sha ka fashe, ta tuƙa tuwo, ta tsaya a kan yarinyar har ta cinye. Debby ta ci tana kuka, ta shiga bayi, ta buɗe famfo don kada a ji.

Sati biyu bayan haka, ranar Asabar da la'asar, ana koyon waƙa a coci, Debby ta miƙe za ta ɗauki baitinta sai ta zube. Aka ɗauke ta zuwa asibiti. Likitan ya tambayi uwar abin da ke damun yarinyar. Waɗanda suka raka su sun ce Lizzy ta buɗe baki za ta ce taifot, kamar yadda ta faɗa sau biyu a baya, sai ta tsaya.

"Likita," ta ce, "telarmu ta ce tsoron abinci take ji."

Kuma ta jero masa komai, abin da ta ji a shago da abin da ta lura da shi da kanta: al'ada, suwaita, madubi, shayi, tafiyar ƙafa, famfon bayi. Likitan ya ajiye biro ya kama hannun yarinyar ya ƙirga bugun zuciyarta. Ya yi ƙasa ƙwarai. Ya ce ba inda za ta je. Ya kuma gaya wa Lizzy ta daina ɗura, domin jikin da ya daɗe da yunwa, in aka cika shi da abinci farat ɗaya, zuciya na iya tsayawa. Da kaɗan-kaɗan ake komawa, ana auna jini, ana kuma zama da mai ba da shawara. Debby ta yi sati shida a kwance. Jarrabawar shekarar ta wuce ta.

Mama Celina, ke ce kika sa kalmomin nan a bakin uwar. Ba ki warkar da kowa ba, kuma ba ki taɓa cewa kin warkar ba. Kin ga abu, bai yi miki daidai ba, kika bi shi da tambaya har ya faɗi sunansa. Kin faɗa wa yarinyar a fuskarta kafin ki faɗa wa uwarta. Kin san za ki rasa aiki da gaisuwa, kika ƙi taka keken. Ido ba mudu ba ne, amma naki ya san kima.

Lizzy ta dawo shagon bayan wata huɗu. Ba ta ba da haƙuri da baki ba. Ta ajiye ƙullin yadin zumunta a tebur, ta zauna a kujerar da ta ƙi zama a kai, ta ce, "Aljihun dai ki daidaita shi wannan karon." Mama Celina ta ce za ta gwada.

Tun daga nan Mama Celina ta tura mutum biyu wurin Ɗanjuma. Ɗaya matar aure ce da jikinta bai rame ko kaɗan ba, tabon bayan yatsunta ne ya tona ta. Ɗayan saurayi ne mai ɗaga ƙarfe da ya mayar da abincinsa ƙwai da ruwa. Ta ce abin da ya fi ba ta mamaki shi ne ciwon ba ya zaɓar mace, kuma ba dole ne ya zo da rama ba. Har yanzu tana tambayar Ɗanjuma daga ina muryar nan da Debby ke ji a kanta take zuwa. Ya ce likitoci ma ba su gama sani ba. Amsar ba ta gamsar da ita ba.

Debby tana da shekara ashirin yanzu, tana karatun gaba da sakandare. Ba a ce ta warke sarai ba. Tana ganin likita duk wata, kuma akwai satin da muryar kan dawo da ƙarfi. Kowace Laraba takan zo shagon da rana su ci abinci tare, don ta ce ya fi mata sauƙi ta ci a gaban wanda ba zai ce komai ba. Larabar da ta wuce gwate ne. Ta ci rabi ta ajiye cokali.

"Mama, in kin rufe shago, Laraba fa?"

"Kin manta hanyar gidana ne?"

Mama Celina ta ci gaba da cin nata, ba ta dubi kwanon yarinyar ba. Can sai Debby ta sake ɗaukar cokali.

Ga sauranmu, masu kitso, malaman aji, shugabannin mawaƙa, iyaye: jikin yaran nan ta hannunmu yake wucewa kullum. In kun ga yarinya tana murna da ramar da ya kamata ta tsorata ta, tana jin sanyi cikin zafi, tana dafa wa kowa ita ba ta ci, kada ku yaba, kada ku yi faɗa, kada ku laƙaba suna. Ku ja labule ku tambaya a hankali, sannan ku kai ta inda aka san ciwon. Ba sai kun zama likita ba.

Mun gode, Mama Celina. Yarinyar tana raye.